Yaye Kafin Tafiya Faransa

Ranar da shugaban sashenmu ya kira ni ofis ya ce sunana ya fito cikin masu zuwa Faransa, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne nono. 'Yata ba ta daɗe da cika shekara ba, tana tafiya tana dafa bango, kuma ba ta barci sai da nono a baki.

A tsakiyar shekarun 1970 ne. Na jima ina koyarwa a wata firamare a Kafanchan kafin in samu shiga jami'a karatun Faransanci, da aurena da goyona. Akwai tsarin musayar ɗalibai a sashenmu: nasu su zo wurinmu zango ɗaya, mu ma mu je can zango ɗaya, daga ƙarshen damina zuwa bayan sabuwar shekara. Na tambayi shugaban ko ana tafiya da yaro. Ya leƙo ni ta saman tabarau kamar na ce zan tafi da akuya, ya ce ɗaki ɗaya aka tanada, gado ɗaya, kujerar jirgi ɗaya. In ba zan iya ba, akwai mai jira a bayana.

Na dawo Kafanchan hutu da maganar a ciki. Maigidana ma'aikacin jirgin ƙasa ne, aikinsa na canji ne, wannan mako safe, wancan mako yamma, ba shi da halin riƙon yarinya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Maman Bebi, ki tafi. In kin ƙi, a kaina za ki riƙa hucewa har mu tsufa." Ya san halina, ban ma yi musu ba.

Mahaifiyata ta rasu tun ina kwaleji, don haka surukata ce ta rage, a wani ƙauye gaba da Fadan Kaje. Ni 'yar wajen Kagoro ce, yarenmu daban da nasu. Ni da maigidana Hausa muke yi a gida, ita ce kuma 'yata take ji tun haihuwarta. A yaren mijina, iyakata gaisuwa da godiya da 'yan kalmomin kasuwa.

Da labari ya bazu, kowa ya zama masanin Faransa. Matan zumuntar majami'armu suka yi mini addu'a ranar Lahadi, suka gargaɗe ni da giyar Turawa. Wani malami da ya taɓa zuwa Ingila ya raka ni layin 'yan gwanjo, ya zaɓo mini wata kwat ta maza mai nauyin buhun acca, ya rantse zan gode masa. Aka yi mini allurar shawara, hannuna ya kumbura. Aka ce fasfo ba zai fito ba sai mijina ya sa hannu ya yarda, abin ya ba ni haushi ƙwarai, ni da nake koyar da 'ya'yan mutane karatu. Duk cikin masu ba da shawarar nan ba wanda ya faɗa mini yadda ake yaye a gurguje.

Surukata ta zo Kafanchan da kanta, da ƙullin ganyen shuwaka a bakin zane. Ta daka, ta shafa mini ruwan a nono, ta ce ɗacin zai kore ta. 'Yar tawa ta kama, ta yamutsa fuska, ta tofar, ta dube ni kamar na ci amanarta, sannan ta koma ta kama abinta. Aka gwada washegari, haka. Tsohuwa ta yi dariya har da hawaye. Hausarta irin ta tsofaffinmu ce, mace da namiji duk ɗaya. Ta ce, "Wannan taurin kai naka ne ya ɗauko. Sai dai na tafi da shi. Kuma kada ka zo ganinsa kafin tafiya, za ka ɓata mana aiki."

Na ce, "Mama, ko sau ɗaya?"

Ta ce, "Ko sau ɗaya."

Ta goya ta da safe, maigidana ya raka su tashar mota. Ni ban je ba. Na zauna a bakin gado na naɗe kaya na warware, na sake naɗewa.

Bayan 'yan kwanaki na hau jirgin ƙasa zuwa Kano, daga can jirgin sama. Na ɗaure ƙirjina da tsohon ɗankwali tamau kamar yadda surukata ta nuna mini, amma jiki bai san an yi yaye ba. Wani jariri ya yi kuka a bayan kujerata, nan take gaban rigata ya jiƙe. Kwat ɗin gwanjon nan ce ta rufa mini asiri, na sa ta tun kafin in ga sanyi. Malamin ya yi gaskiya, na gode masa, ko da yake ba don abin da yake zato ba.

An sauke ni a gidan wata tsohuwar Baturiya da mijinta ya rasu, a wani ƙaramin gari mai kogi a tsakiya. Ɗakina yana can sama, ƙarƙashin rufi, in na miƙe a gefen taga kaina yana taɓa katako. Ranar farko ta zaga da ni tana jera dokoki: wanka da ruwan zafi sau biyu a mako, a kashe wuta in an fita, ba a soya komai a ɗaki. Na gyaɗa kai, a raina ina cewa ni da nake wanka safe da yamma na shiga uku.

Kafin mako ya zagayo zazzaɓi ya kwantar da ni. Ƙirjina ya yi tauri kamar dutsen niƙa, ko hannu ba na iya ɗagawa. Tsohuwar ta hawo ta ga ban fita makaranta ba. Na so in yi mata bayani, sai na ga duk Faransancin da na sha a littafi bai tanadi wannan rana ba. Na iya yin sharhin waƙoƙin mutanen da suka daɗe da mutuwa, amma ban san yadda zan ce nonona ya cika ba. Na buɗe bargo kawai na nuna mata. Ta yi alamar jijjiga jariri da hannuwanta, ta dube ni da tambaya. Na ce tana gida, Najeriya. Ta sauka, ta dawo da ganyen kabeji mai sanyi, ta lulluɓe mini da hannunta. Tana sauyawa in ya yi laushi, har zafin ya sauka. Daga ranar dokar wanka ta mutu, ba ta sake ambatarta ba.

Sauran rayuwar can a hankali na koye ta. Ana sayen tikitin abinci a makaranta, a bi layi da faranti. Abincin ba gishiri ba yaji, don haka nake yawo da 'yar gwangwanin dakakken barkono a aljihu, ɗaliban da ke zama kusa da ni su yi ta atishawa. Takalman da na zo da su tafinsu siriri ne, sai da na riƙa cusa jarida a ciki kafin in sayi na sanyi. Fata ta bushe ta yi fari, man kaɗanyar da na raina lokacin haɗa kaya ya zama abin da nake lallaɓawa. Kitso kuwa shi ne abin da ba wanda ya tuna. Ƙananan da aka yi mini a Kafanchan suka tsufa suka tashi, na yi ta yawo da ɗankwali har na haɗu da wata ɗaliba 'yar Kamaru. Ita ta yi mini, ni in yi mata, ranar Asabar. A tsakanin gwiwoyinta na koyi Faransancin da mutane suke magana da shi da gaske, har da na zagi.

Majami'arsu ta ba ni mamaki. Ba ganga, ba rawa, sujada gajeriya, ana tashi kowa ya ɗaga wuyan riga ya kama gabansa. Ba mai tsayawa ya tambaye ka mutanen gida. Ni kuma tambayar nan nake jira, don in samu dalilin ambaton 'yata.

Wata safiya na tashi na ga nonon ya ƙafe sarai. Na zaci zan ji sauƙi. Kuka na yi, fiye da na ranar da aka tafi da ita, don muddin yana zuwa ina jin kamar akwai abin da nake ajiye mata.

Amma zan faɗi gaskiya, na ji daɗin zaman nan. Na yi barci har gari ya waye ba mai tashina. Na zauna a laburare daga safe zuwa yamma ina karatu, ba tukunya a wuta, ba wanki a jiƙe. Bakina ya buɗe, har na fara gardama da malamai a aji. Akwai ranakun da sai da yamma nake tuna ban yi tunanin 'yata ba tun safe, sai gabana ya faɗi. Wasiƙun maigidana ba su taimaka ba, don shi mutum ne mai rowar magana: Bebi tana lafiya, ta yi ƙiba, Mama tana gaishe ki. Ba mai ɗaukar hoto a ƙauyen, don haka a idona tana nan yadda na bar ta. Kafin in dawo na saya mata jajayen takalma masu kyau, daidai ƙafar da na sani.

Na sauka Kafanchan da yamma, washegari da sassafe maigidana ya ɗauke ni a babur muka nufi ƙauye. Lokacin aikin citta ne, mata suna zaune a kan falalen dutse a bayan gida suna tsagawa suna shanyawa, ƙamshinta ya cika wurin. Yaran unguwa suka rugo suna ihu, "Malama ya dawo! Malama ya dawo!" Haka suke kirana tun ina amarya, saboda aikin koyarwa.

Na hango 'yata tsaye kusa da surukata, riƙe da guntun gwaza. Ta yi tsawo, ta yi baƙi, an aske mata kai. Na yar da jaka na ruga na sure ta. Ta ƙwalla wata irin ƙara, ta banƙare, ta yakushe ni a wuya. Da na sauke ta, ta shige bayan zanen kakarta, ta leƙo ta faɗi wata magana a yarensu, jimla guda cikakkiya. Matan suka fashe da dariya, suka dube ni, dariyar ta tsaya.

Na tambayi maigidana me ta ce. Ya sosa kai ya ce maganar yara ce. Na ce ya faɗa mini. Ya ce, "Wai a ce wa baƙuwar ta tafi gidansu."

Na je har Faransa na koyo yaren mutane, ga 'yata tana magana sai an yi mini tafinta. Raina ya ɓaci, na rasa wanda zan ɗora wa, na kusa ɗora wa surukata, tsohuwar da ta yi mini hidima. Ita kuwa ta turo mini kujera da wuƙa. Ta ce, "Zauna ka yi aiki. Kada ka bi shi, kada ka kalle shi. Zai zo."

Na zauna a ƙauyen ina tsaga citta har yatsuna suka yi zafi. Takalman ba su shiga ba, aka ba 'yar maƙwabta. Yarinyar takan zagaya ni daga nesa, ta tsaya ta kalli agogon hannuna. Surukata ta fara aikenta wurina: kai wa uwarka ruwa, kai wa uwarka gyaɗa. Tana kawowa, ta ajiye a ƙasa ta gudu. Ranar da ta fara miƙa mini a hannu, ta dube ni ta ce, "Malama." Ta ji abin da sauran yara ke cewa. Don murnar ta yi mini magana, na amsa.

Muka dawo Kafanchan tare da kakarta, ta zauna da mu har yarinyar ta saba. Hausa ta dawo bakinta da wuri. Ta yarda in yi mata wanka, ta yarda ta kwana a bayana, in ta faɗi wurina take rugowa. Amma Mama ɗaya gare ta, tsohuwar nan, ni kuwa Malama. Na gwada alewa, na gwada faɗa. Surukata ma ta yi ta gyara mata har ta gaji. Ƙannenta da na haifa daga baya duk Mama suke ce mini, ita ko a jikinta.

Faransancin nan ya ciyar da gidanmu shekaru masu yawa, da shi na biya mata makaranta har ta gama. Nakan auna abin a raina, kuma ina jin da za a mai da ni ofishin shugaban nan, zan sake cewa zan tafi. Wannan ne abin da ya fi damuna.

Surukata ta rasu 'yata tana da nata goyon. Aka binne ta a bayan gida, fasto ya rufe da addu'a, mutane suka fara watsewa. Ina tsaye a gefe sai ga ta ta ratso jama'a ta nufo ni, ido jawur. Ta kifa kanta a kafaɗata kamar ƙaramar yarinya, ta ce, "Malama, Mama ta tafi."

Na riƙe ta da kyau, na ce na sani.