Ranar da Aka Kama Malik Tasaddak

A garin Kot Mehrab, idan ka ga mutane sun watse daga bencin mai shayi kofunansu rabi-rabi, to Malik Tasaddak Awan ne ya ɓullo kwana. Ba mugu ba ne. Tsohon akawu ne a ma'aikatar ruwan noma, mai gashin baki rinanne da lalle, wanda ko kaza za a yanka a gidansa sai an kira maƙwabci. Matsalarsa ɗaya ce: tsofaffin bindigogin iska, irin masu harbi da ƙarfin iska ba da albarushi ba.

Ta farko gadonta ya yi wurin kakansa. Daga nan abin ya shiga jininsa. Ya bi kasuwannin gwanjo na Lahor da Rawalpindi, ya bi gidajen da ake rabon gado, yana ta'aziyya idonsa na kan bango, har bindigogi suka cinye ɗakin baƙi. Akwai ta Jamus mai zanen barewa a ƙota, akwai ta Ingila wadda ta girmi ƙasar Pakistan, akwai wata ta tagulla da ake yi wa famfo kamar tayar keke. Kullum yana shafa musu mai yana gogewa da tsohon mayafin matarsa. Bai taɓa harba ko ɗaya ba. A cewarsa harbi yana gajiyar da sifirin.

"Baban Shaista," in ji matarsa Kishwar, "ɗakin nan fa na baƙi ne."

"To su waye a ciki? Daga Jamus fa suka zo."

Abin da ke cin ransa shi ne babu mai son kallo. Mai kawo madara ya koma ajiyewa a ƙofa ya gudu. Dangin wani saurayi da suka zo neman auren Shaista sun sha bayanin sifirin tun azahar har la'asar, suka ce za su je su yi shawara, har yau shawarar suke yi.

Maƙwabcinsa Liyaƙat mai kiwon tantabaru ne a saman soro. Wata rana zakaran tantabarunsa ya ɓace. Duk unguwa ta ga kyanwar liman tana lashe baki, amma Liyaƙat ba ya son rigima da liman, sai ya nufi ofishin 'yan sanda ya ce akwai rumbun makamai a bayan katangarsa. Ya kuwa yi sa'a, an kawo sabon sufeto, Waraich, mutumin da ya daɗe yana kallon kafaɗarsa a madubi yana ganin akwai sauran filin ƙarin tauraro.

Da hantsi suka zo, mota biyu, Malik na cikin karyawa da gurasar paratha da kindirmo. Sufeto ya banka ƙofa.

"Kai ne Tasaddak? An ce kana ɓoye makamai."

"Ɓoyewa? Ranka ya daɗe, ni da nake roƙon a zo a gani!" Malik ya miƙe jiki na rawa don murna. "Kishwar, ɗora shayi, baƙi sun zo kallo!"

Da ya buɗe ɗakin, sufeto ya ga bango cike da bindigogi tun daga ƙasa har rufi, sai ya ji kamar tauraro ya riga ya sauka a kafaɗarsa. Ya ba da umarni a kwashe. Wani kurtu ya rungumo uku kamar itacen girki.

"Kai ɗana, ba rake ba ne! Ajiye!" in ji Malik.

Malik da kansa ya naɗe kowace a bargo, har da bargunan da aka tanada don auren Shaista, ya jera su a mota, ya hau baya ya zauna kusa da su. Sai da suka yi nisa aka tuna ba a sa masa ankwa ba.

A harabar ofis aka shimfiɗa farin ƙyalle kan dogon tebur, aka kira 'yan jarida daga Sargoda. Malik ya ce tsarin bai yi ba, ya sake jera su bisa shekaru, 'yan sanda na miƙo masa. Kafin a fara, wani tsohon saje ya raɗa wa sufeto cewa waɗannan fa irin na harbin ƙadangare ne. Sufeto ya dubi kyamarorin da aka riga aka kafa, ya ce wa saje ya je ya duba ko an kawo kujeru.

"Jama'a," in ji sufeto, "mun kama muggan makamai da aka shigo da su daga ƙasashen waje."

"Gaskiya ne," in ji Malik daga bayansa. "Babu ta gida ko ɗaya."

"Wanda ake zargi ya daɗe yana wannan harka."

"Tun kafin in yi aure."

Wani ɗan jarida ya tambaya ko yana da abokan hulɗa. Malik ya ce akwai wani likitan haƙori a Multan, amma kayansa duk jabu ne. Daga nan ya karɓe makirufo. Ya yi bayanin ta tagulla, ya yi na mai barewa, ya nuna hatimin maƙera. A karo na farko a rayuwarsa yana magana mutane na rubutawa, babu wanda ya tuna da wani uzuri. Hawaye ya cika masa ido. Washegari jarida ta buga hotonsa da kanun labari mai cewa dillalin makamai ya yi kukan nadama.

Kishwar ta kai masa abinci a bayan kantar 'yan sanda, ta same shi yana tambayar mai gadi ko jaridun Turanci ma sun ɗauka.

"Ka zubar mana da mutunci a gari, kana nan kana washe baki!"

"Kin ga yadda ta Ingilan ta fito a hoton kuwa?"

Da aka je kotu, alƙali ya sa aka miƙo masa ɗaya. Ya buɗe ta, ya leƙa, ya ɗaga 'yar ƙwayar darmar da ake sa mata, wadda ba ta kai ƙwayar masara ba. Ya cire tabarau ya dubi sufeto.

"Wannan ka tara wa gari? Jikana yana da irinta. Kayan wasan yara ne, ba sa bukatar lasisi. Na sallami wanda ake ƙara."

Kishwar ta yi hamdala. Malik kuwa ya miƙe fuskarsa ta yi jajir.

"Ranka ya daɗe, a janye kalmar nan."

"Wace kalma? Malam, sallamarka na yi."

"Kayan wasa! Wadda ke hannunka sai da na sayar da babur ɗina na same ta. Sufeto ya ce muggan makamai ne, kuma shi ma'aikacin hukuma ne."

"Kana so in ɗaure ka ke nan?"

"Ina so a rubuta gaskiya."

Lauyansa ya kama hannu ɗaya, Kishwar ta kama ɗaya, suka fitar da shi yana cewa zai ɗaukaka ƙara. Lauyan ya yi ta yi masa bayani a cikin mota cewa wanda ya yi nasara ba ya ɗaukaka ƙara, Malik ya ce shi bai ga nasarar ba.

An mayar masa da bindigoginsa, kowace da lambar shaida da aka rubuta da farin fenti a ƙota. Kishwar ta zaci zai suma. Ya daɗe yana kallo, sannan ya hana a goge, ya ce yanzu sun shiga tarihin hukuma.

Mutanen Kot Mehrab ba su karanta hukuncin kotu ba, hoton kawai suka gani. Suka yanke cewa mutumin da aka kama da makamai cike da mota ya dawo gida da kayansa cikin mako, ba ƙaramin mutum ba ne. Mahauci ya fara ware masa tsoka. Masu rigimar kan gona suka fara kawo masa ƙara, su zauna a tsorace a ƙarƙashin bindigogi, ya yi ta yi musu bayanin maƙeran Jamus har su gaji su sasanta da kansu. Da zaɓen kansila ya zo, ɓangarori biyu suka turo a roƙe shi, ba don ya goyi bayansu ba, don dai ya zauna a gida ranar jefa ƙuri'a. Ya amsa musu da sharaɗin kowane ɗan takara ya zo kallo da kansa. Duka biyun sun zo, kuma wanda ya fi daɗewa a zaune shi ne ya faɗi zaɓen.