Jan Ƙwai Kafin Lahadi

Ranar Alhamis ta ƙarshen azumin Kirista, a kasuwar Larisa ta ƙasar Girka, gwauruwa Evdokia tana kallon wani tsoho gaban mai sayar da rinannun ƙwai. Maɓallan rigarsa a karkace suke, da alama mai gyara masa ta kwanta ciwo. Yana lallaɓa jajayen ƙwai biyu a tafinsa kamar 'yan tsaki.

"Baba, sai Lahadin Ista fa ake fasawa," in ji mai sayarwar. "Ko azumin ya kayar da kai?"

"Na sani, 'yata. Matata ce likita ya ce ba za ta kai Lahadi ba."

Ya juya yana gwada gaisuwar Ista a hankali: "Almasihu ya tashi."

Ranar gaisuwar ba ta zo ba, amma Evdokia ta amsa masa: "Hakika ya tashi."