Shekarar da Tafasa Ta Cinye Mini Gona

Da aka yanke mana Jigawa daga Kano, sai aka tattaro mu ma'aikata 'yan asalin nan aka ce kowa ya koma gida. Ni aka jefo ni Birnin Kudu, na kama haya da iyalina. Ƙauyenmu yana wajen Yalwan Damai, tafiyar babur ce ba mai nisa ba, kuma can Inna take zaune a gidan marigayi mahaifina. Abin da na fara sawa a gaba shi ne gonarsa, wadda ƙaninsa, Baffa, yake nomawa tun rasuwarsa.

Aro kuwa idan ya daɗe, mai riƙe da shi mantawa yake yi aro ne. Da na ɗauko maganar, Baffa ya ce shi ba ƙi ya yi ba, tsoronsa kada ɗan ofis ya mayar da gonar ɗan'uwansa saura. Magana ta kai gaban Alhaji, babban danginmu. Ya saurare mu duka, sannan ya ce da ni, "Damina ɗaya na ba ka. In ta yi kyau, ka riƙe abinka. In ta lalace, baffanka ya ci gaba da riƙo har 'ya'yanka su isa ɗaukar fartanya." Babban ɗana a lokacin ko yaye shi ba a yi ba. Ka ga ke nan abin da ake nufi.

Na ce waken soya zan shuka. A Kano na ga yadda ake nemansa, amma a ƙauyenmu ba wanda ya taɓa sa shi a ƙasa. Wani direba abokina mai jigilar Birnin Kudu zuwa Gwaram ya samo mini iri. Ranar shuka mutane suka tsaya a gyaffa suna kallo kamar ana wasan kura. Wani ya ce, "Ɗan Kano, wannan na ci ne ko na magani?" Aka yi dariya. Baffa ne kaɗai bai yi ba. Ya ɗebi irin a tafin hannu, ya jujjuya, ya tambaye ni tsawon da yake yi. Na nuna masa gwiwata. Ya ce, "Iyakarsa ke nan?" Na ce iyakarsa ke nan. Ya gyaɗa kai ya mayar mini da abina.

Wake ya fito gwanin sha'awa, ciyawa kuma ta biyo shi kamar an aiko ta. Harkiya, tuji, ga tafasa ko'ina, don shanun Baffa sun yi rani a gonar sun bar taki. Waken soya yana ƙarami ba shi da kuzari. Duk abin da ya riga shi miƙewa zai rufe masa rana, ya shanye masa abinci, kuma in ya sha wuya a farkon nan, ko ka dawo ka share masa gona tas, ba ya komawa daidai. Na san wannan, shi ya sa na matsu a yi noman firi, wato na farko, da wuri.

Sai ga Baffa da kansa ya ce zai haɗa mini gayya. Mutumin da muke jayayya da shi a kan gona, shi ne zai tara mini matasa su yi mini noma? Na ce a raina, da walakin, goro a miya. Amma yaya za ka ce wa ƙanin ubanka ba ka so? Muka tsayar da Asabar, ranar da ba ni da aiki. Na aika da gero don fura da tuwon 'yan gayya. Na kuma ja masa kunne da ladabi: "Baffa, duk abin da ba wake ba, a sare shi." Ya ce, "To, Malam."

Na iso ranar Asabar na tarar an riga an yi tun Laraba. Wai Baffa ya ga hadari yana haɗuwa, ya ce gara a yi kafin ƙasa ta jiƙe. Na wuce gona raina a ɓace. Harkiya babu, tuji babu, aiki ya yi kyau. Amma tafasa tana nan tsaye, kunya bayan kunya, har an tara mata ƙasa a gindi kamar ita aka shuka. Innalillahi!

Na san al'adarmu. Idan ana noman gero, akan tsallake tafasa da lalo da karkashi nan da can, saboda mata su samu na miya da na kwaɗo. Gero dogo ne, bai ma san suna nan ba. Amma ai na yi magana da bakina, kuma wannan ba nan da can ba ne, gona guda ce. Na sami Baffa a zaure. Ya ce, "Ka san yara da mantuwa. A maimai, noma na biyu, za a gyara." Yara sun manta, amma ba su manta da harkiya ba? Na haɗiye maganar na fito.

Na tuɓe riga na shiga cira da hannuna, Asabar da Lahadi, har tafin hannuna ya yi kanta. Ko rubu'in gonar ban ci ba. Ruwa kuma ya ɓalle a makonnin nan, tafasa ta samu yadda take so. Daga nan kowa ya zame mini abin zargi. Maƙwabcin gonata ya gaishe ni da fara'a, na ce wannan da shi aka ƙulla. Direban da ya kawo iri ma sai da na tsare shi a tasha ina tambayarsa wa ya sayar masa. Matata ta ce, "Malam, wannan gonar za ta sa maka hawan jini." Na ce ta bar ni.

Maimai ma haka aka yi, ina ofis. Na zo na ga tafasa ta kai mini ƙugu, waken a ƙarƙashinta ya yi siriri, ganye ya yi ɗorawa, fure ɗai-ɗai. Wannan karon ban yi ladabi ba. Na ce, "Baffa, in gonar kake so, ka faɗa a fili, ba sai an kashe mini shuka ba." Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Ni umarni na bi. Shiga ciki ka tambaya."

Na shiga cikin gida da zafina. Inna tana zaune a tsakar gida, tabarmi shimfiɗe a gabanta, duk an baza ganyen tafasa yana shan iska. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, ba ta kuma cika kallon idona ba. Ta ci gaba da tsinke ganye ta ce, "Ni na ce kada a taɓa ta."

Na ce, "Inna, don me?"

Ta ce, "Kai ba ka san yunwa ba. Shekarar da ruwa ya ɗauke, shanun gidan iyayena na Zandam suka ƙare, nan ma rumbu ya zama fayau, me kake tsammani na dafa muku? Ita ce. Safe da yamma, wata ran ko ƙuli babu. Wannan waken naka ban taɓa ganin wanda ya ci shi ya ƙoshi ba. In bai yi ba fa? Gero ba ka shuka ba, sannan a sare tafasar ma?" Ta ce a gonar mahaifina ba a taɓa sare ta ba, kuma da ta roƙi Baffa, bai musa mata ba ko kaɗan. Har ta sa masa albarka.

Duk zafin da na shigo da shi ya bi iska. Tausayinta ya kama ni, ga kuma takaici. Tsohuwa ce take tsoron kada jikokinta su kwana da yunwa. Na durƙusa na taya ta tsinkar ganyen.

Da kaka abin da na casa bai taka kara ya karya ba. Alhaji ya tara mu a zauren gidanmu, Baffa yana gefe yana jan carbi. Inna kuma na ji motsinta a bayan ƙofa. Alhaji ya ce, "An ce an yi maka gayya har sau biyu. Me ya faru? In akwai wanda ya cuce ka, faɗi, ba zan yanke hukunci a kan zalunci ba."

Na dubi Baffa, shi ma ni yake kallo, hankalinsa kwance. Ya san in na ce an bar tafasa da gangan, tambaya ta gaba ita ce wa ya sa. Sai in buɗe baki a gaban dangi in ce uwata ce ta lalata mini gona, tana ji.

Na ce, "Alhaji, ciyawa ce ta fi ƙarfina."

Ya ce, "To, ka ji abin da muka gudar maka." Aka shafa fatiha, gona ta koma hannun Baffa.

Na daɗe ina ce wa kaina wataƙila na zalunci mutumin nan da zato. Wataƙila kunyar matar yayansa ce ta hana shi musa mata. Da damina ta zagayo, wata Asabar na biyo ta gefen gonar a kan babur, sai na taka birki. Waken soya ne Baffa ya shuka, daga wannan gyaffa zuwa waccan, kore shar, ya rufe ƙasa. Na sauka na bi kunyoyin ɗaya bayan ɗaya ina dubawa. Ban ga tafasa ko guda ba.