Sunansa Sule, Ba Sai-Ta-Cika Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya Sule ya tafi.

Da safen nan, ban ko kurɓi koko ba, aka kira ni daga Karaye wai ya cika bayan sallar asuba. Kafin in isa har an yi masa sutura.

Na dawo Rogo na buɗe waya, sai ga jikokinmu sun cika ta da hotonsa. "Allah Ya jiƙan Baba Sai-Ta-Cika." Har da masu sa alamar kuka. Kun san inda sunan nan ya samo asali kuwa? Ba ku sani ba. Gadonsa kuka yi kamar yadda kuka gaji gonaki, kuna kiran dattijon da ya haura casa'in da zagi, shi kuma yana amsawa.

To yau za ku ji. Idona ya yi rauni, amma fostin nan da hannuna zan buga shi.

Zamanin Turawa ne, ina saurayi ko aure ban yi ba. Mahaifina bafataken goro ne, ya daɗe da zama a Salga, ƙasar Gwanja, cikin Gwalkwas da kuke kira Gana yanzu. Ni ne ɗan farinsa. Ana yaye ni aka kai ni Zoza, nan kusa da Rogo, wurin kakata, kamar yadda aka saba. Bai taɓa kiran sunana ba. In ya zo ganin gida sai dai ya ce "yaron nan", yana kallon wani wajen. Ni ma ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba.

Rannan aka bugo waya daga Salga ta hanyar Kano, wai jikinsa ya yi tsanani, a turo babban ɗansa.

Ni ko Kano sau biyu na taɓa zuwa. Yaya Sule maƙwabcinmu ne, tela, ya girme ni da kaɗan, kuma ya san hanyar Gwanja. Ba mu haɗa dangi ba. Ya rufe kekensa ya shigo gidanmu na Rogo ya ce wa mahaifiyata, "Inna, ni zan kai shi."

Jirgin ƙasa har Ikko, mota har Ankara ta Gwalkwas, wani jirgin har Kumasi. Talata da hantsi muka sauka.

A tashar Kumasi ga bas ɗin Salga a tsaye, mai bodin katako, mutum shida a ciki, ɗan kamasho sai ihu yake. Can gindin bishiya kuma ga ƙananan motocin shata. Yaya Sule ya je ya yi magana da wani direba ya dawo.

"Iro, mu ɗauki shata. Akwai kogi a Yeji, jirgin fito ba ya aiki in rana ta faɗi. In mun tashi yanzu za mu haye, mu yi magariba a Salga. Bas ɗin nan sai ta cika, kuma ka ga ba ta da niyya."

Na ce ai zai yi tsada.

Ya dafa ɗamararsa ya ce, "Wannan ba ruwanka. Ɗauko jakarka."

Wallahi har na ɗauka. Sai wani dattijo cikin fataken ƙasarmu, wanda ya san gidanmu, yana zaune kan huhun goro, ya ɗago kai.

"Kai ne ɗan farin Malam Habu? Af! Ɗan fari a mota shi kaɗai, a guje, uba na kwance? Yaro, ba ka san mutanen zango ba. Cewa za su yi gado ka zo ci tun bai mutu ba."

Waɗanda ke kusa da shi suka kwashe da dariya. Dariyar nan ce ta gama da ni.

Na ajiye jaka na ce bas za mu shiga kamar kowa.

Sau uku Yaya Sule yana roƙona. Ya ce, "Iro, mutanen nan gobe sun manta da kai. Uba ɗaya gare ka." Na ce in sauri yake ya tafi shi kaɗai. Haka na faɗa wa mutumin da ya bar sana'arsa ya biyo ni. Ya dube ni kawai, ya ɗauki kayanmu ya miƙa wa yaran bas.

Bas ba ta cika ba sai Laraba da azahar. Muka isa Yeji an riga an ɗaure jirgin fito. Muka kwana a bakin ruwa. Alhamis da hantsi muka shiga Salga.

An binne shi tun Laraba da la'asar.

Zaure cike da 'yan zaman makoki. Baffa Ɗanladi, ƙanen mahaifina, ya zaunar da ni a gabansa. Ya ce tun daren Talata mara lafiya yake tambaya ko an ji ƙarar mota. Ya ce, "Da safiyar Laraba ya kira ka da sunanka. Ibrahim, Ibrahim. Mu kanmu mun yi mamaki." Sannan ya gyara zama. "Wani direba ya ce ya gan ku a tashar Kumasi tun Talata. Me ya tsare ku?"



Sai na ji muryar Yaya Sule daga bayana. "Baffa, laifina ne. Yaron nan ya ce a ɗauki shata, ni na hana. Ni na ce mu jira bas sai ta cika."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na sunkuyar da kai ina kuka, kowa na ba ni haƙuri, kowa na harararsa.

A hanyar dawowa na tambaye shi dalili. Ya ce, "In Inna ta ji kai ne, bakinta zai kama ka, ba za ka ƙara ganin daidai ba. Ni ba ita ta haife ni ba. In ta zage ni, zagi ne kawai."

Labari ya riga mu isowa Rogo. Kafin mu sauke kaya an raɗa masa suna: Sai-Ta-Cika, marowacin da ya hana ɗa ganawa da ubansa. Ya nemi aure a danginmu aka hana shi. Yara suna wucewa ta rumfarsa suna rera sunan. Daga ƙarshe ya ɗora kekensa a jaki ya koma Karaye.

Inna ta yi shekara talatin da wani abu bayan haka, ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba. Shi kuwa duk zuwan da ya yi Rogo sai ya tsaya a ƙofar zaure ya ce, "Inna, ina wuni?" Ta juya kai. Ya ajiye mata goro ya tafi.

Rigar da na sa ranar ɗaurin aurena shi ya ɗinka.

Kayan sallar 'ya'yana, har suka girma, daga kekensa suke fitowa.

Ranar da Inna ta rasu, shi ya fara saran ƙasar kabarinta.

Ni kuwa har numfashinta na ƙarshe tana sa min albarka, tana cewa ni ɗa ne nagari, mugun aboki ne ya cuce ni. Na amsa da amin. Na yi arziki daidai gwargwado, na aurar da 'ya'ya, ana ce min dattijo. Duk albarkar nan a kan wuyan wani na ci ta.

Haushi nake ji. Haushin dattijon nan mai huhun goro, haushin garin da ya riƙe zagi ɗaya shekara saba'in bai gaji ba. Amma babban haushin nawa ne.

Watan jiya na je Karaye na same shi a zaure, ƙafafunsa sun kumbura. Na ce, "Yaya, na gaji. Zan faɗi gaskiya."

Ya yi dariya har da tari. "Yanzu, Iro? Wa za ka faɗa wa? Inna ta tafi, Baffa ya tafi. Masu dariyar nan ko ƙasusuwansu babu." Sannan ya ce, "Abu ɗaya dai nake sha'awa. Ka kai ni kasuwar Rogo, in ji an kira ni Sule, ko da sau ɗaya ne."

Na ce insha Allahu.

Daga Karaye zuwa Rogo ba wata tafiya ba ce. Motocin shata ga su nan a tasha, ina da halin ɗauka. Amma na ce bari ɗana ya zo da motarsa daga Kano, kada mutane su ce tsoho ya yi shata don yawon kasuwa. Na sake tsayawa jira. Ɗan nawa jibi zai zo.

Yaya, ni ne Sai-Ta-Cika. Tun a Kumasi ni ne.

Allah Ya jiƙanka da rahamarSa, Ya haskaka kabarinka, Ya rufa maka asiri a lahira yadda ka rufa min a duniya. Allah Ya sada ka da Inna a inda babu sauran ɓoye-ɓoye, ta amsa gaisuwarka.

Ku kuma da kuka sa hotonsa, don Allah ku koma ku gyara fostinku. Ku goge sunan nan. Ku rubuta Malam Sule Tela, ku karanta masa Ƙulhuwallahu, ku kira shi da sunansa a cikin addu'ar. Ni ma in ta yi saura ku sa ni, don na fi shi buƙata.