Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Da daminar bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar yayata Saudatu, wadda mu ƙannenta muke kira Adda. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi niyyar in zauna in yi jimami yadda ya kamata, sai in tsinci kaina ina dariya ni kaɗai, jikokina suna leƙena suna raɗa wa juna cewa Kaka ta fara. Laifin Adda ne. Mace ce da ba ta bar mana abin kuka da yawa ba, abin dariya ta tara mana, har yau ba mu cinye ba.

Mu 'yan Gwandu ne, gidan shanu da noma. Adda ce 'yar fari a wajen mahaifiyarmu, Inna, ni kuwa Kulu ni ce auta. Wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da wannan yake nufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta zama hira da shi, kunya ce da ake gado. Tun da aka yaye Adda aka kai ta wajen kakarmu a Maruda, can ta girma, daga can ta shiga makaranta. Idan ta zo gida, Inna takan dafa abin da ta san Adda ta fi so, ta ajiye kwanon a tsakar gida, ta juya mini ta ce, "Kulu, ce ma waccan ta ci tuwon ga tun bai huce ba." Alhali waccan ɗin tana zaune a gefenta, har gwiwoyinsu na kusa da haɗuwa. Akwai wata yarinyar maƙwabta da ita ma aka sa mata Saudatu, baiwar Allah har ta yi aure Inna ba ta taɓa kiranta da komai ba sai "ke mai tallan ƙuli".

Ni kuwa da nake auta, a kan cinyar Inna na yi wayo, sunana kuma a bakinta yake daga safe har yamma, yawanci da faɗa. Ban taɓa tunanin abin nan yana taɓa Adda ba, don ita ce ma kan gaba wajen mayar da shi wasa.

Adda ta yi karatu mai zurfi, ta zama malama a kwalejin horon malamai. A shekarun da aka yanke mana jihar Kebbi, kwalejin takan tura malamanta Kalgo lokacin dogon hutu, su koyar da mu malaman firamare da muke neman ƙarin takarda. Ni a lokacin ina koyarwa a Kalgo, da aurena da 'ya'yana, sai ga ni a benci ina ɗalibar yayata. A nan ne ta kawo wani sabon darasi da ta sha fama kafin a yarda mata da shi, gabatarwa ga nazarin rayuwar mata da zamansu da maza. Mazan ajin, waɗanda su ne suka fi yawa, tun kafin a fara suka laƙaba masa suna karatun tsakar gida. Da labari ya kai kunnen Adda sai ta ce wallahi sunan ya fi nata daɗi, ta ɗauki alli ta rubuta shi a saman allo, a nan ya zauna har muka gama.

Ranar farko ba ta buɗe littafi ba. Ta ce kowa ya miƙe ya faɗi sunansa, da sunan mahaifiyarsa, da sana'ar da take yi. Sai wani hedimasta daga Diggi, Malam Ɗanjumma, dogo mai murya kamar ana kiran kasuwa, ya miƙe ya ce, "Malama, mu dai takarda munka zaka nema, ba mu zaka a zage mu ba. Sunan tsohuwata cikin taro? Wanga ba shi yiwuwa."

Adda ta ce, "To Malam, in ka tashi roƙa mata gahwara, wa kaka cewa?"

Ya ce, "Allah ya san ta."

Aka kwashe da dariya, har da ita, har tana dafa tebur. Ba ta matsa masa ba. Amma kafin a tashi ran nan an gano cewa akwai mutane da dama a ajin, maza da mata, da ba kunya ce ta hana su ba, sunan ne ba su sani ba. Inna ce, Iya ce, Gwaggo ce, shi ke nan. Sana'a kuwa, kusan kowa ya ce tsohuwarsa ba ta aikin komai, tana gida. Adda ta riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya da tambaya. Wa yake turara shinkafar da aka nome a fadama? Wa yake banda kifin da masunta suka kamo? Wa ya karɓi haihuwarka? Sai ka ga ƙato yana sosa ƙeya yana cewa ai kuwa tsohuwa ce. Haka darasin ya tafi duk daminar nan. Muka yi magana kan gadon da addini ya ba mace da yadda ake noƙe mata shi, da dalilin da ya sa a gidan Fulani saniya ta miji ce amma nono na matar ne, da malamai mata na da can da suke sa malfa suna bin ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu a wannan ƙasa tamu. Abin da ta fi nanatawa shi ne kada mu yi saurin yanke wa al'ada hukunci, mu fara tambayar masu ita me suke nufi da ita.

Wata rana da yamma muna tsince shinkafa a gidana, don a wajena take sauka, sai ta ce mini, ba tare da ta ɗago kai ba, "Kulu, ina tsaye gaban mutane ina ce musu mace tana da suna. Ni kuwa nawa ban taɓa jin shi bakin wadda ta haihe ni ba. Ban ma sani ba ko tana son shi." Ta yi dariya bayan ta faɗa, amma dariyar ba ta kai ido ba. Na ji tausayinta ƙwarai, na kuma ji haushin kaina da na shekara talatin ina kai saƙo tsakaninsu ban lura ba. A ranar ta gaya mini burinta: a makon ƙarshe za ta gayyato dattijuwa ɗaya ta yi wa aji bayanin aikinta da bakinta, kuma Inna take so.

Aka bar ni da jan aiki. Na shiga motar haya na tafi Gwandu, na sami Inna tana dama fura. Ko gama bayani ban yi ba ta ce, "Ni in tai in zamna gaban ɗiyar hwari tana tambaya ina amsawa? Kulu, boko ya cinye miki kunya." Na yi lallashi, na yi shagwaɓar auta, duk a banza. Sai na tuna da wata magana da Malam Ɗanjumma ya taɓa yi a aji, na ce mata ai shi ke nan, dama akwai wani hedimasta da ya ce fura da nono ba aiki ba ne, zaman inuwa ne da hira. Inna ta ajiye ludayi. Ta tambaye ni ɗan wane gari ne, na ce Diggi. Ta ce a shirya mata ƙorai. Sharaɗinta ɗaya ne, ba za ta yi magana da waccan ba, ni zan tsaya a tsakani.

Ranar da ta zo Kalgo an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi, aji ya cika har da waɗanda ba darasinsu ba ne suna leƙe ta taga. Aka ba ta kujera ta ƙi, aka shimfiɗa mata tabarma, ta zauna ta ba Adda rabin baya, ta jera ƙoranta da faya-fayanta. Daga nan aka shiga abin da har yau waɗanda suka gani suke ba da labari. Adda ta ce, "Kulu, tambayi baƙuwarmu yaushe takan tashi tatsa." Inna ta ce, "Kulu, ce ma mai tambaya ta sani, ba a birni anka haihe ta ba." Ni ina tsaye a tsakiya ina maimaita abin da kowa ya riga ya ji, aji yana ta faɗuwa da dariya. A haka dai ta yi bayanin tatsa da kwantar da nono da fitar da mai da tafiyar talla a ƙasa cikin laka, ta miƙa wa Malam Ɗanjumma goran kaɗa nono ta ce ya ɗan taɓa zaman inuwa. Bawan Allah ya karɓa da fara'a, ya kaɗa har hularsa ta faɗi, ya sha fura ludayi bayan ludayi, ya ce ya janye maganarsa amma a ƙara masa.

Shi ne kuma, da furar ta ratsa shi, ya jefo tambayar da ba wanda ya shirya mata. Ya ce, "Inna, ke da kika san komi, kin san malamarmu? Mi as sunanta? Ta matsa muna mu hwaɗi na uwayenmu, yau sai a hwaɗa muna nata."

Da wasa ya yi, bai san inda ya taɓa ba. Na dubi Adda, ta tsaya cak da alli a hannu. Inna ta ɗauki faifai ta rufe ƙwarya a hankali, sannan ta ce, ba ta bi ta kaina ba wannan karon, "Yaro, sunan ga da kaka tambaya, ni niz zaɓe shi. Ni nir roƙi kakarta ta kai ma maza ran suna. Kuma tun ran da anka raɗa mata shi, ban yi sallar da ban hwaɗe shi ba. Sai dai ba ku nika hwaɗa ma ba."

Adda ta juya ta fuskanci allo, ta shiga goge wurin da babu rubutu, kafaɗunta suna rawa. Can ta ce da wata irin murya, "Kulu, ce ma baƙuwarmu mun gode." Inna tana haɗa kayanta ta ce, "Ce mata ta gyara kallabinta, tun ɗazu ya karkace." Matar da ta wuni da baya a juye, ashe ba abin da ya wuce mata. Aji ya ɓarke da dariya da tafi, Adda tana dariya tana share hawaye da gefen mayafi, ni ma haka. A ranar ƙarshe Malam Ɗanjumma ya miƙe ba wanda ya tambaye shi, ya ce sunan tsohuwarsa Hassi, kuma duk Diggi ba mai bandar kifi kamarta.

Yau abubuwa sun canza. Jikata tana jami'a tana karanta irin wannan darasi, ta ce har sashe guda gare shi, da manyan malamai. Iyaye mata na yanzu kuwa suna kiran ɗan fari da sunansa tun daga bakin ƙofa, su sa hotonsa a waya duniya ta gani. Nakan tambayi kaina me Adda za ta ce. Na san za ta yi murna, don ba ta taɓa son a rufe wa mace baki ba. Na kuma san za ta karɓi littafin jikar nan tawa ta jujjuya, ta yaba, sannan ta tambaye ta ko ta taɓa zama ta tambayi kakarta wani abu. Na gwada tambayar a madadinta, yarinyar ta ce ai ni ba na cikin manhaja.

Shekarun ƙarshe na rayuwar Adda su ne suka fi daɗi. Kunnen Inna ya yi nauyi, kuma kamar yadda yake faruwa da tsofaffi, ba ta san muryarta ta ƙaru ba. Addu'ar da take yi a ɓoye bayan salla sai ta koma ana jinta har bakin rijiya. Duk gidan muka haɗa baki, ba wanda ya gaya mata. Adda takan baro aikinta ranar Juma'a ta kamo hanyar Gwandu, kamar yadda ni ma nakan taso daga Kalgo, ta tabbatar ta iso kafin la'asar, ta ja kujerar tsuguno ta zauna a bayan ɗakin Inna kamar mai shan iska. Daga ciki sai ka ji an ce, "Allah ka tsare min Saudatu, ka rufa mata asiri, ka sa ta gama lahiya." Babbar malama guda, da furfura a kanta, ta rufe baki da hannu tana murmushi, ta ɗago mini gira wai in ji. Inna ta fito ta gan ta, ta kau da kai ta ce, "Kulu, yaushe waccan ta zaka?"

Adda ta riga Inna tafiya, Inna ta bi ta bayan 'yan shekaru, kuma har ta koma ga Allah sunan bai fita daga addu'arta ba. Littattafan Adda sun tsufa, wasu gara ta ci. Ɗalibanta da yawa sun yi ritaya, amma har yanzu nakan haɗu da dattijo a wajen biki ko ta'aziyya ya gaishe ni, ya gaya mini sunan mahaifiyarsa ba tare da na tambaya ba, mu yi dariya. Wannan shi ne abin da ta bari, kuma a ganina ya isa.

Ni ma yanzu idan na idar da salla nakan ɗaga murya in ce Allah ya jiƙan Saudatu, ya jiƙan Aminatu da ta haife mu. Jikokina suna jina daga tsakar gida, suna cewa kunnen Kaka ya fara nauyi irin na Inna. Na bar su a haka. Kunnena garau yake.