Ƙafar da Ta Gaji: Da Kan Keken Inna Daga Darazo Zuwa Wunti

Tashi daga Darazo

Na fito gida bayan sallar asuba, gari bai waye sosai ba, ɗauke da kan keken ɗinkin mahaifiyata a naɗe cikin tsohon zane. Ƙarfe ne zalla, baƙi, mai zanen ruwan zinare da ya fara gogewa, kuma nauyinsa ya fi yadda na zata.

Ya kamata in faɗi dalilin tafiyar. Inna ba tela ba ce. Abin da take yi shi ne tara ƙyallayen ankon bukukuwan dangi, ta yanka su, ta harhaɗa, ta sa tsohon bargo a tsakiya, ta bi shi da ɗinki har ya zama abin rufa. Duk jikan da aka haifa yana da nasa. Ni ɗan fari ne, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni. Sai ta faɗa wa matata saƙon, ina tsaye a wurin: "A gaya wa mijinki, in zai shiga Bauchi ya tafi da kan keken nan. Ƙafa ta gaji."

Na sha ganinta tana shafa man zafi a gwiwa bayan ta taka keken. Sai na fahimci, ko in ce na ɗauka na fahimci, cewa so take a musanya mata shi da na zamani mai aiki da wuta. Ban tambaya ba, don ba a saba ba. Na dai karanta abin da na iya samu a waya game da tsoho da sabo, na ga kowane ɓangare da hujjarsa.

A tasha direba ya so ya jefa ƙunshin a but tare da buhunan wake. Na ce zan riƙe a cinya. Ya ce, "Malam, jariri ne?" Na ce kusan haka.

Hanya

Mun wuce Soro rana ta fito. Gaba kaɗan aka tsayar da mu a shingen bincike. Jami'in ya leƙo, ya nuna cinyata.

"Mene ne wannan?"

"Kai ne."

"Ni ne?"

"A'a, ranka ya daɗe. Kai ne, na keke."

Ya sa na kwance zanen. Da ya gani sai ya juya wilin da yatsa, ya ce kakarsa tana da irinsa, ya ce mu wuce. Fasinjoji ba su daina dariya ba sai da muka hango duwatsun Bauchi. Ƙafafuna kuwa sun yi tsami.

Kasuwar Muda Lawal

Da hantsi muka sauka. Na tambayi wani mai lemo inda ake sayar da keke, ya nuna mini masu kekunan hawa. Na sake tambayar wani, ya tsayar mini da mai keke mai ƙafa uku. Sai a na uku na tuna na ƙara "na ɗinki".

Shagon na wani mutumin kudu ne da ake kira Oga Chidi, ya daɗe a garin, Hausarsa tana gudu ko da ba ta bambanta mace da namiji. Ya sauko mini da sabon keke fari, jikinsa roba, da 'yar fitila a saman allura. Ba zan rage masa komai ba: ba shi da nauyi, yana yin ɗinki kala-kala, har ramin maɓalli, kuma da ɗan yatsan ƙafa kawai ake danna shi. Na ji raina ya kwanta.

Dama matata ta sa mini wani gefen bargon da Inna ba ta gama ba a cikin ƙunshin. Na roƙa a gwada da shi. A inda yake shimfiɗe keken ya tafi lafiya. Da ya iso mahaɗar ƙyallaye huɗu, inda kauri ya taru, sai ya yi gurnani ya tsaya, zare ya cukurkuɗe a ƙasa. Oga Chidi ya ce allura ce, ya sauya, aka wuce da ƙyar. Mai yiwuwa allurar ce da gaske, ban san aikin da zan yanke hukunci ba.

Sai ya ce in nuna masa tsohon. Yana ganinsa ya ɗaga shi, ya leƙa ƙarƙashi.

"Mama ya tsufa, ka saya mata hutu. Ka bar wannan, ka ɗauki sabo, ciko kaɗan ne. Yanzu yanzu."

Tun da na shigo bai yi gaggawar komai ba sai a nan. Gaggawar ce ta tsorata ni. Na tambaye shi me zai yi da tsohon, bai ɓoye ba, ya ce teloli suna nemansa, kafin la'asar ya tafi. Na ce ya ba ni zuwa gobe. Ya ce, "Gobe ba ya da shago," amma ya taya ni naɗe zanen.

Miri

Na ci masa da miyar taushe a bakin kasuwa, na yi azahar, na hau ɗan acaba zuwa Miri, gidan ƙanwata Hafsatu. Mun bar kwalta muka bi tsakanin gonakin dawa, kan keken yana dukan ƙirjina a kowane rami.

Hafsatu ta ji bayanina tana tankaɗe. Ta ajiye rariyar.

"Yaya, da keken nan aka kai ta ɗaki. Da shi ta ɗinka maka wandon makaranta. In ka bayar da shi, ka nemi gida a nan Bauchi."

"Ita ta ce ƙafa ta gaji."

"Ƙafar wa?"

Ta kwance zanen, ta nuna mini ɗan ƙarfen da ke danne yadi a ƙarƙashin allura. "Wannan ma ƙafa ake ce masa. Teburin da ake takawa ma ƙafa ne. Ƙafa uku ke nan da tata. Wacce ka tambaya?"

Na ce ta san ba na tambaya. Ta ce ita auta ce, babu kunya tsakaninsu, ta ɗauki waya. Wayar Inna a kashe. Muka kira matata, ita ma a kashe. Mijin Hafsatu, da ke cin tuwo bai sa baki ba sai lokacin, ya ce, "Ba su da wuta ke nan. Keken wutar za ka kai musu?"

Na kwana a ɗakin zaure. Ban yi barci sosai ba, domin maganar gwiwar ma ba ƙarya ba ce, da idona na gani.

Wunti

Da safe mijin Hafsatu ya sauke ni a Wunti, layin teloli, wurin wani mai gyara, Malam Sabo. Ya ɗora kan a benci, ya sa gefen bargon, ya juya. Yadin yana zamewa, ɗinkin yana tsallake. Ya kwance ƙafar ya miƙo mini: ƙasanta ya cinye, gefe guda ya fi ɗaya, kamar dunduniyar tsohon takalmi.

"To ita ce ta gaji ke nan?" na ce.

"Wannan dai ta gaji. Ta mai keken kuma, ban gan ta ba."

Ya sa wata ƙafar, ya wanke haƙoran da ke jan yadi da kananzir, ya ɗiga mai. Keken ya haye mahaɗar nan ba tare da sautinsa ya sauya ba. Na gaya masa zancen gwiwa. Ya ce ana ɗaura wa irinsa ɗan injin da zai riƙa juya shi, amma sai da wuta. Ana kuma sa masa hannu, a cire bel ɗin da ya haɗa shi da abin takawa a juya a zaune, in an ga dama a mayar da bel a taka. Ya ce hannu yana da jinkiri, kuma hannu ɗaya ne zai rage na riƙon bargo. Na yi ta auna abin har ya ce, "Malam, ni ma ina da ƙafa, kuma ta fara gajiya." Na ce a sa hannun.

Ban koma wurin Oga Chidi ba. Na so in je in ba shi haƙuri, amma na ji tsoron kada ya sake kunna fitilar nan.

Komawa

Mota ta cika bayan azahar. A shingen jiya wani jami'in ne, bai tambayi komai ba. Mun shiga Darazo ana kiran magariba, unguwarmu duhu.

Inna ta haska kan da tocila. Ta taɓa sabuwar ƙafar, ta gyaɗa kai. Sai hasken ya faɗa kan hannun. Ta juya wajen matata.

"Tambayi mijinki, wa ya ce masa ni gurguwa ce?"

Matata ta kalle ni, na kalli ƙasa. Na ɗora kan a teburinsa, na mayar da bel, na fita.

Washegari da hantsi ina alwalar walaha a tsakar gida na ji keken yana tafiya, amma babu ƙarar takawa. Ta labulen ɗakinta na hango bel a rataye, ƙafafunta biyu a miƙe kan 'yar kujera, hannunta na dama yana juyawa a hankali. Ta ga inuwata. Ba ta tsaya ba, ta dai ɗaga murya ta ce wa matata, "Gwadawa nake yi, kada kuɗin mutane su tafi a banza."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni da abin da na fita da shi. Na gode wa Hafsatu da maigidanta da Malam Sabo. Wace ƙafa ce, har yau ban tambaya ba.