Na kai Baba kallon faɗa, muka tarar da yankan albasa

Bari in fara tona wa kaina asiri: na sayi tikitin sinima a birnin Guangzhou na China ban tambayi wane fim ake nunawa ba.

Mun tashi daga Kano da asuba, Baba zai saro takalma, ni ɗan rakiya. Tun a jirgi ya yanke hukunci: muna komawa gida zai karɓe wayata, don ya gaji da bidiyon barkwancin da nake ɗauka a tsakar gida.

Kwana uku muna Zhanxi Lu, kasuwar takalma. Na ga takalman da za su ishi Kano da Maraɗi har jikoki. Abinci kuwa a unguwar Xiaobei, taliyar da ake ja da hannu, kowane sili ya kai daga Kano zuwa Wudil.

Rana ta huɗu ruwa ya ɓarke. Na lallaɓi Baba mu shiga sinima ya ga fim ɗin faɗan China na asali. Aka kashe fitila, sai ga wata tsohuwar Baturiya tana yanka albasa. Shekara guda tana yankawa! Ashe makon fina-finan Hungary ake yi.

Wata ɗaliba a gefena ta raɗa mini da Turanci cewa yanzu fim iri biyu ake yi a Hungary: manya na tarihi, masu dawakai da takubba, da gwamnati ke tallafawa, sai irin wannan na matasan da ba su samu tallafi ba. Su ari kyamara, su tara abokai, su ɗauka a cikin gida.

Jikan tsohuwar zai tafi ƙasar waje neman aiki. Ba ta hana shi ba, sai cusa masa abinci take yi a jaka. Ina fassara wa Baba rubutun Turancin da ke ƙasan allo, na waiga na ga yana goge ido.

"Baba, kuka?"

"Albasar ce, ja'iri."

Can ya ce, "Haka Hajiya take mini duk tafiya." Kakata ke nan.

Da muka fito ya tambaya, "A ɗakin girki kawai suka yi wannan?"

"Ƙwarai, Baba."

Mun dawo lafiya, alhamdulillahi. Na gode wa ɗalibar nan, na gode wa wautata, na kuma gane ba sai da dawakai ake fim ba. Baba bai karɓe wayar ba, da sharaɗin in fara ɗaukar Hajiya. Jiya na ɗauke ta, minti arba'in, tana yi mini faɗa a kan askina.